Bitamin E da ƙurajen fuska: abin da kafso zai iya da abin da ba zai iya ba

Kafson bitamin E ya daɗe da zama ɗan gida a cikin kayan kwalliya. Wata haɗiyarsa take yi kullum bayan karin kumallo. Wata kuma allura take sawa ta huda shi, ta matse man a tafin hannu, ta mulke fuska kafin ta kwanta. Akwai masu zuba shi a man shafawa, akwai masu cakuɗa shi da zuma da kurkum. Samari ma suna yi, sai dai su a ɓoye. An ce yana kashe ƙurajen fuska, yana kuma goge tabon da suka bari. Masu talla a TikTok da Instagram sun ƙara wa miyar gishiri, suna haɗa shi da zink da man habbatus-sauda da garin zogale, su ce ai duk daga tsirrai ne, ko bai yi magani ba, ba zai yi illa ba.

Maganar ba daga sama ta faɗo ba, tana da tushe a ilimin fata. Sai dai akwai rata mai faɗi tsakanin abin da masu bincike suka gani da abin da ake faɗa a kasuwa, kuma a cikin ratar nan ne mutane ke asarar kuɗi da watanni, wani lokacin har da lafiyar fatar.

A fuska da ƙirji da gadon baya akwai ƙananan ramukan gashi, kowanne da 'yar jakar da ke samar da maiƙo a gefensa. Maiƙon yana fitowa ta ramin ya shafe fata don kada ta bushe. Da yaro ko yarinya sun fara balaga, sinadaran homon na androjin sukan ƙaru, jakunkunan su girma, maiƙo ya yi yawa. A daidai lokacin, matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su kaɗe su faɗi sai su manne da juna su toshe bakin ramin. Idan bakin ya rufe ruf, ɗan farin ƙurji ke fitowa. Idan a buɗe yake, iska ta taɓa abin da ke ciki, sai ya yi baƙi. Wannan baƙin ba datti ba ne, shi ya sa dirzar fuska da soso ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara fusata fatar. A cikin toshewar akwai wata ƙwayar bakteriya mai suna Cutibacterium acnes, wadda dama tana zaune a fatar kowa. Idan ta sami maiƙo a rufaffen wuri sai ta hayayyafa, garkuwar jiki ta taso mata, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya tara mugunya. Ke nan matsala huɗu ce a ɗaure wuri guda: yawan maiƙo, toshewa, bakteriya da kumburi. Duk maganin da aka kawo maka, tambayar farko ita ce wanne daga cikin huɗun yake taɓawa. An ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 suna samun ƙurajen ko yaya ne, kuma mata da yawa suna kai su har shekara 30 da 40.

To, ina bitamin E ya shigo? A 1922 Herbert Evans da Katharine Bishop suka gano shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ba ma a kan fata suke aiki ba, haihuwar ɓeraye suke nazari. Daga baya aka fahimci babban aikinsa a jiki: kare kitse da maiƙo daga lalacewar da iskar oksijin ke jawowa. Duk wadda ta taɓa barin man gyaɗa a buɗe ya daɗe har ya sauya wari ta ga irin wannan lalacewa da idonta. Haka maiƙon fata yake. A cikinsa akwai wani sashe da ake kira sikwalin, wanda rana da iska ke saurin ɓatawa, kuma gwaje-gwaje sun nuna cewa ɓataccen sikwalin yana taimaka wa toshewar ramuka da kumburi. Abin sha'awa, jiki da kansa ta cikin maiƙon nan yake turo bitamin E zuwa saman fata. Saboda haka lissafin da ake yi mai kyau ne a takarda: ɓacin maiƙo na kawo ƙuraje, bitamin E na hana maiƙo ɓaci, ashe ƙarin bitamin E zai rage ƙuraje.

An kuma sami abin da ya yi kama da shaida. A 2006 masu bincike a Jodan suka auna jinin mutum 100 masu ƙuraje da wasu 100 marasa ƙuraje, suka ga bitamin A da E sun fi ƙaranci a jinin masu ƙurajen, musamman waɗanda abin ya yi wa tsanani. A 2014 wani nazari a Turkiyya ya ga irin wannan game da bitamin E da zink. Waɗannan su ne masu talla ke nufi idan sun ce “bincike ya tabbatar”. Amma a lura da abin da aka auna. An ga abu biyu suna tafiya tare, ba a nuna wanne ya haifi wanne ba. Kumburi da kansa yana cinye bitamin E, don haka mai yiwuwa ƙurajen ne suka rage bitamin ɗin, ba rashinsa ne ya kawo su ba. Kuma ko da an yarda rashinsa na da hannu, wannan bai nuna cewa wanda jikinsa ke da isasshe zai amfana da ƙari ba.

Hanyar da ake raba gardama irin wannan ita ce a raba mutane gida biyu, a ba wasu maganin gaske, a ba wasu kafson da babu komai a ciki, ba tare da kowa ya san wanne ya samu ba, sannan a ƙirga ƙurajen bayan watanni. A nan bitamin E ya zo da hannu kusan wayam. Gwajin da aka fi ambato shi ne wanda aka yi a Filifin aka wallafa a 2017, da mutum 168, tsawon wata uku. Ƙuraje sun ragu a wurin waɗanda suka sha maganin gaske fiye da sauran. Sai dai kafson abu uku ne a haɗe: laktoferin, wato wani furotin da ke cikin madara, da zink, da bitamin E, kuma bitamin E ɗin ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai kama ƙafar abin da ke cikin kafson kemis ba. Babu wanda zai iya cewa shi ne ya yi aikin. Akwai kuma wani tsohon zato cewa bitamin E yana rage bushewar leɓe da fata ga masu shan isotiretinoyin, babban maganin ƙuraje masu tsanani. An gwada a Amurka, aka wallafa a 2000: an ba su bitamin E 800 IU kullum (IU ma'aunin bitamin ne da ake rubutawa a jikin kwalba), bushewar ba ta ragu ba.

Shafawa fa? Wannan ya fi damuna fiye da haɗiya, domin shi aka fi yi. Abin da ke cikin kafso mai ne mai kauri da danƙo, galibi an narka bitamin ɗin a cikin wani man kamar na waken soya, kuma an yi shi ne don ciki. Fuskar da matsalarta yawan maiƙo da toshewa ce, a ƙara mata mai mai nauyi ta kwana da shi, a garin zafi, ga gumi ga ƙura, ba sai an je makaranta ba kafin a hango inda za a kwana. Mai busasshiyar fata marar ƙuraje za ta iya jin laushi da sheƙi da safe, kuma daga nan yabon ya samo asali. Amma laushin fata daban, maganin ƙuraje daban.

Batun goge tabo ma an gwada shi. A 1999 likitocin fata a Jami'ar Miami suka ɗauki mutum 15 da aka yi wa tiyatar fata, suka raba kowane tabo biyu: rabi ana shafa masa mai zalla, rabi ana shafa masa man da aka zuba wa bitamin E. A kashi 90 cikin 100, bitamin E bai gyara tabon ba ko ma ya ƙara ɓata shi, sannan kusan ɗaya cikin uku fatarsu ta ƙi shi, ta yi ja da ƙaiƙayi. Mutanen kaɗan ne, gaskiya, kuma tabon tiyata ne ba na ƙuraje ba. Amma ga mai baƙar fata wannan ja da ƙaiƙayi ba ƙaramin abu ba ne. Fatarmu, duk inda ta kumbura ko ta fusata, ƙwayoyin launi sukan zuba baƙi a wurin, ya zauna wata da watanni bayan ƙurjin ya tafi. Mafi yawan abin da mata ke kira tabo a nan, wannan baƙin ne, ba rami ba. Duk abin da zai ƙara fusata fata, baƙin yake ƙarawa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Yanzu adadin da ake haɗiya. Babban mutum yana buƙatar miligiram 15 na bitamin E a rana, mai shayarwa 19. Kafson da aka rubuta wa 400 IU yana ɗauke da miligiram 180 idan haɗin masana'anta ne, ko 268 idan daga man tsirrai aka tato shi, wato ninki 12 zuwa kusan 18 na buƙatar yini. Kuma shi ba kamar bitamin C ba ne da rarar ke bin fitsari nan da nan. A cikin kitse yake narkewa, jiki yana ajiye shi. Idan ya yi yawa yana rage daskarewar jini, shi ya sa yake da haɗari ga mai shan magungunan rage daskarewar jini irin su warfarin ko asfirin, da wanda za a yi wa tiyata. Wani nazari na 2010 da ya tattara manyan gwaje-gwaje ya gano cewa shan sa na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki irin na fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa da kashi 22 cikin 100, ko da yake ya ɗan rage irin na toshewar jijiya. Sai babban gwajin da aka yi wa maza sama da 35,000 a Amurka da Kanada da Fotoriko, wanda aka fara da fatan bitamin E zai hana kansar furostet, wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Sakamakon 2011 ya zo a juye: masu shan 400 IU kullum sun fi kamuwa da kashi 17 cikin 100. Waɗannan mazan manya ne, masu shekara 50 zuwa sama, kuma shekaru suka yi suna sha, don haka ba cewa ake yi yarinyar da ta sha na wata ɗaya ta shiga uku ba. Abin da ake cewa shi ne, maganar “ba zai yi illa ba” ba ta da madogara, alhali amfanin da ake nema ba a tabbatar da shi ba.

Rashin bitamin E na gaske ba kasafai ake samunsa ba, sai ga masu ciwon da ke hana hanji tsotsar kitse, da bakwaini, da wasu masu larurar gado. Mai cin miyar da aka yi da man gyaɗa ko manja, yana taɓa gyaɗa da alayyafo, yana samun rabonsa. Giram 100 na gyaɗa kaɗai yana ba da kusan miligiram 8, fiye da rabin buƙatar yini. Abin dariyar shi ne, gyaɗar nan ita iyaye suka fi ɗora wa laifin ƙuraje, a hana yarinya ƙuli-ƙuli da tunkuza, sannan ta je ta sayi bitamin ɗin da ke cikinta a kafso.

Idan akwai wanda ya cancanci a saurare shi cikin ƙwayoyin ƙarin sinadarai, zink ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Suwidin suka fara gwada shi a kan ƙuraje, kuma an san yana rage kumburi. Gwajin da ya fi nuna matsayinsa shi ne na Faransa a 2001, da mutum 332: an ba rabi zink miligiram 30 a rana, rabi kuma minosaikilin, wani maganin kashe bakteriya. Bayan wata uku, kusan kashi 31 cikin 100 na masu zink sun sami sauƙi sosai, masu minosaikilin kuwa kashi 63. Ke nan yana aiki, amma rabin aikin maganin asibiti, kuma a kan jajayen ƙuraje masu kumburi ya fi tasiri. Yana da nasa halin: idan aka sha shi da wofin ciki yakan tayar da zuciya har da amai, kuma iyakar da aka gindaya wa babba ita ce miligiram 40 a rana. Wanda ya daɗe yana wuce haka, zink ɗin zai hana jikinsa tsotsar sinadarin kofa (jan ƙarfe), abin da kan kai ga ƙarancin jini da matsalar jijiyoyi. Haka kuma ba a haɗa shi lokaci ɗaya da maganin kashe bakteriya na doksisaikilin da danginsa, domin yana iya rage shigarsu jiki. Sai a ba da tazarar sa'o'i.

Sauran za a iya bi ta kansu da sauri. Man ganyen bishiyar nan ta Ostareliya da ake kira ti-tiri an gwada shi a 1990 a kan mutum 124: mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ya rage ƙuraje, a hankali fiye da benzoyil feroksayid, maganin ƙuraje na shafawa da ke kemis, amma da ƙarancin bushewa. Tsantsarsa kuwa, wadda ake sayarwa a 'yar kwalba, tana ƙona fata, kuma guba ce idan aka sha. Nayasinamayid, wani nau'in bitamin B3 da ake shafawa, ya yi kunnen doki da man kilindamaisin mai kashe bakteriya a wani ƙaramin gwaji na 1995, kuma yana ɗan taimaka wa baƙin tabo. A ganina shi ya fi dacewa da wadda take son “bitamin na shafawa”. Bitamin D ya rage kumburarrun ƙuraje a Koriya ta Kudu a 2016, amma ga waɗanda aka auna aka ga yana musu ƙaranci. Man kifi mai omega-3 da koren shayi suna da 'yan ƙananan gwaje-gwaje masu ba da fata. A 2023 wasu masana suka tattara nazari 42 kan irin waɗannan ƙwayoyi, da mutum 3,346 gaba ɗaya, suka tarar mafi yawansu ƙanana ne kuma ingancinsu bai taka kara ya karya ba. Raba mutum 3,346 gida 42, ka ga a matsakaici nazari ɗaya bai cika mutum 80 ba.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, akwai ƙwayoyin ƙarin sinadarai da su kansu ke haddasa ƙuraje. Bitamin B12 da B6 masu yawa suna cikinsu. An daɗe da sanin haka, kuma a 2015 masu bincike a Los Anjalis suka nuna yadda B12 ke sauya halin bakteriyar fata ta fara fitar da abin da ke kawo kumburi. Wanda ke yawan karɓar allurar bitamin B “don ƙarin jini” ko “don ƙarfin jiki” ya ga ƙananan ƙuraje iri ɗaya sun feso masa a fuska da baya, ya fara duba nan. Garin furotin na madara da samari masu ɗaga ƙarfe ke damawa shi ma an sha danganta shi da ƙuraje. Bitamin A kuma, da wasu ke sha da yawa saboda sun ji dangin maganin ƙuraje ne, yana iya taɓa hanta, kuma fiye da 10,000 IU a rana ga mai ciki yana da alaƙa da nakasar jariri.

Wanda ya fi waɗannan duka ɓarna a wajenmu shi ne sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi mai ƙarfi. Yana zuwa ta hanya biyu. Ta farko, ƙwayoyin ƙiba irin su “sha ka fashe”, waɗanda galibi sitiroyid ɗin deksametason ke ciki. Ta biyu, mayukan bututu masu kilobetasol ko betametason, waɗanda aka yi don kumburi da ƙaiƙayin fata mai tsanani na 'yan kwanaki, amma aka mayar da su man kullum, ana matsa su cikin haɗin bilicin. Makon farko sitiroyid yana kwantar da kumburi, fuska ta yi sumul ta yi haske, mai haɗin ta sha yabo. Bayan watanni sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso ko'ina, kuma da an daina sai fuskar ta yi bore, a koma. Sau da yawa a cikin irin wannan roba marar suna, wadda aka ce “haɗin gida ne, daga tsirrai”, ake huda kafson bitamin E a zuba, shi ya sha suna, sitiroyid ya yi aikinsa a ɓoye. Duk wadda ke shafa irin wannan haɗi, babu kafson da zai yi mata maganin ƙuraje sai ta rabu da shi, kuma gara a yi rabuwar a hannun likita, domin yanke shi farat ɗaya na da wahala.

Akwai kuma man kitso da man gashi masu nauyi. Tun 1970 likitocin fata a Amurka suka bayyana irin ƙurajen da ke jeruwa a goshi da gefen kunne ga baƙaƙen fata masu shafa man gashi kullum. Idan ƙurajenki a bakin gashi suka tsaya, inda ɗankwali ko hijabi ke dannawa, duba man da kike shafa wa kai da kuma sau nawa ake wanke ɗankwalin. Lemon tsami da makilin da ake ɗorawa a kan ƙurji su ma ƙuna suke yi. Ruwan lemon tsami a fata, idan rana ta doke shi, yakan bar baƙin da ya fi na ƙurjin daɗewa.

Abinci yana da hannu, amma ba inda aka saba nunawa ba. A 2002 aka wallafa rahoton wasu masana da suka duba mutum 1,200 a tsibirin Kitaba na Papuwa Niyu Gini da mutum 115 'yan ƙabilar Ache a Faragwai, masu cin doya da dankali da kifi da naman daji, ba su ga mai ƙurji ko ɗaya ba. Wannan bai isa hujja ba shi kaɗai, tunda gado ma na iya shiga, amma ya sa an juya ga abinci mai saurin ɗaga sukarin jini. A 2007 a Ostareliya aka gwada samari 43 na mako 12, waɗanda aka rage wa irin wannan abinci ƙurajensu sun fi raguwa. Bayanin shi ne, hauhawar sukari na ɗaga insulin, shi kuma ya zuga jakunkunan maiƙo. A teburinmu, wannan na nufin lemon kwalba, farin burodi, shayi mai cokali huɗu na sukari, cincin da kek. Batun madara kuwa, wani likita ɗan Najeriya, Clement Adebamowo, shi ya jagoranci nazarin da aka yi a Harvard aka wallafa a 2005, a kan mata sama da 47,000, inda aka ga alaƙa tsakanin shan madara lokacin 'yanmatanci da ƙuraje, musamman madarar da aka cire wa kitse. Alaƙa ce mai rauni, kuma matan tuno abin da suka ci shekaru da suka wuce suka yi. Ba dalilin ƙaurace wa fura da nono ba ne. Wanda yake zargin madara, ya ajiye ta wata biyu ya ga ko akwai bambanci.

Me ya sa to ake samun masu rantsuwa cewa bitamin E ya yi musu aiki? Ba ƙarya suke yi ba. Ƙuraje dama suna hawa suna sauka: kafin al'ada su taso, bayanta su lafa, lokacin jarrabawa su yi yawa, a hutu su ragu. Mutum kuma ba ya neman magani sai ranar da fuskar ta fi muni, daga nan kuwa sauƙi ne ke biyowa ko an sha wani abu ko ba a sha ba. Baƙin tabo shi ma yana dusashewa da kansa cikin watanni. Duk abin da aka shafa a tsakani shi zai karɓi godiya. Waɗanda abin bai yi wa aiki ba kuma ba sa ɗaukar bidiyo.

Lambar hukuma a jikin kwalba ita ma ana yi mata gurguwar fahimta. A Amurka, inda da yawa daga cikin waɗannan kwalabe ke fitowa, dokar 1994 ba ta tilasta wa kamfani ya nuna cewa ƙwayar ƙarin sinadari tana magani kafin ya kai ta kasuwa ba. A Najeriya ma, idan ka juya kwalbar maganin tsirrai mai lambar NAFDAC, sau da yawa za ka ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi a kansa ba. Lambar tana magana ne a kan amincin kayan, ba a kan warkarwa ba.

Magungunan da aka tabbatar ba su da kwarjini a talla, amma suna nan a kemis, wasunsu ma ba su kai kuɗin kwalbar bitamin ta waje ba. Benzoyil feroksayid yana kashe bakteriyar, kuma mai ƙarfin 2.5 cikin 100 yana aiki kusan daidai da mai 10, da ƙarancin ƙuna. A yi hattara, yana cin launin tufa: rigar matashi da tawul da mayafi duk zai ɗiga musu fari. Adafalin, wanda ake shafa ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake a duk fuska da dare, shi ke hana toshewar tun daga tushe, yana kuma taimaka wa baƙin tabo. Makonnin farko fuska kan bushe, ƙurajen ma su yi kamar sun ƙaru, a nan mutane da yawa ke karaya su watsar. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da shi, haka doksisaikilin. Mai ciki azelayik asid likitoci suka fi ba ta, kuma yana da kyau ga baƙin tabo. Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar kaifi ya isa. Man kariya daga rana yana da muhimmanci ko ga baƙar fata, domin rana ce ke daɗa dafa tabon. Sannan a bar matsa ƙurji da farce. Kowanne daga cikin waɗannan sai an ba shi mako 6 zuwa 8 kafin a fara ganin sauyi, mako 12 kafin a yanke masa hukunci.

Akwai waɗanda bai kamata su tsaya gwaje-gwajen gida ba ko na mako ɗaya. Mai manyan ƙuraje masu zurfi da zafi, irin waɗanda ba sa yin baki, ko wanda ya fara ganin ramuka a kumatu, ko mai fatar da ke yin tudun tabo a ƙirji da haɓa, likitan fata zai nema, domin rami idan ya zauna babu man da ke cike shi. A nan ne ake ba da isotiretinoyin, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1982, yana ƙanƙantar da jakunkunan maiƙon kansu. Yana da ƙarfi ƙwarai, kuma yana nakasa ɗan tayi, don haka ba a sayensa sai da takardar likita, mace kuma sai an tabbatar ba ta da ciki kuma ba za ta ɗauka ba har a gama, da wata guda bayan nan. Haka macen da ƙurajenta suka taru a haɓa da muƙamuƙi, ga al'ada na yi mata wasa, ga gashi na tsiro mata a gemu: wannan alamar rikicewar homon ce, wadda sau da yawa daga ƙwan mahaifa take, kuma gwajin jini da hoton ciki ake fara yi kafin a zo kan fuskar.